Wuyan Shamuwa

Abba, Nana, wannan naku ne. A waya nake rubutawa, in kun ga kuskure ku wuce kawai, babban yatsa ne. Abin da ya zaunar da ni shi ne maganar makon jiya. Wata baturiya 'yar ƙasar Finlan, wadda ita ma tsuntsayen ƙasarsu take zanawa, ta ga ayyukana a intanet ta tambaya me ya sa duk tsuntsun da na zana ba a ganin kansa. Kafin in buɗe baki, kai Abba da wayata ke hannunka ka rubuta mata da turancinka na makaranta wai Mamanmu ba ta iya kai ba ne. Ke kuma Nana kika yi ta dariya har kina zamewa daga kujera. To ku buɗe kunne. Na iya kai. Na taɓa zana wani da har yau ban yi abin da ya kai shi kyau ba, kuma ni na shafe shi da hannuna.

Gidanmu na Kabara kun san shi, amma kun san shi bayan an yi masa siminti an sare bishiya. Lokacin da nake ba ku labari ginin ƙasa ne, da zaure a gaba, da wata ƙatuwar tsamiya a tsakar gida da ta rufe mana rabin sama. Mutum uku za ku riƙe ban da ni. Baba, wato kakanku Malam Sani mai zanen riga. Umma, wadda kuka sani. Sai Iya, mahaifiyar Baba, wadda ba ku riska ba. Sunan Iya aka sa min, shi ya sa Baba bai taɓa kiran sunana ba har ya bar duniya, Ummi yake ce min, Iya kuwa sai dai Takwara. A ɗakinta nake kwana tun da aka yaye ni. Zanin da take lulluɓa da shi ma tare muke ja, ta ce ni ce ɓarauniya, in ce ita ce.

Aikin Baba ba ɗinki ba ne, mutane suna yawan rikita wannan. Za a kawo masa babbar riga an haɗa ta fara fat, ya shimfiɗa a zaure, ya tsoma alƙalamin kara a tawada, ya zana aska da tambari da dagi a ƙirji da baya. Sannan masu ɗinki su zo daga wajen Ƙofar Wambai su ɗauka, su bi layinsa da allura. Ni kuma ina rakuɓe a ƙofar da ke shiga cikin gida ina kallo. Da ya ga ba zan tashi ba, sai ya fara yago min takardar buhun siminti, ya miƙo min tsohon alƙalami, ya ce in yi ta yi. Koyarwarsa ba ta da yawan magana. In na yi sauri ya ce, kalla tukuna. In na nuna masa ya ce, ƙara kallo. Shi ke nan makarantar.

Abu ɗaya ne Baba ba ya wasa da shi, zanen mai rai. Shi bai taɓa yi ba. Ni kuwa hannuna can yake tafiya, ko dagi na fara sai ka ga ya fito da baki da fiffike. Kazar Umma, tattabarun maƙwabta, akuyar da ke cin bangonmu, duk na zana su. Baba bai hana ni ba, akwai dai yadda muke yi. A wurin malamansa ya ɗauko cewa in aka raba kai da gangar jiki, hoto ya tashi daga kamannin mai rai, ya zama kamar itace ko dutse. Don haka duk abin da na gama sai in kai masa. Ya karɓa, ya tsoma alƙalami, ya yi bismilla kamar mahauci, ya ja wani siririn layi a wuya.

“Shi ke nan, ta halatta,” in ji shi.

Iya daga tsakar gida ta ɗaga murya: “A ɗora ruwan zafi! Takwara ta yi mana kaza, yau miya ta yi daɗi.”

Haka muke, kowa yana dariya. Ban taɓa jin layin nan ya dame ni ba, don kajin nawa ma kamar dankali mai ƙafa suke.

Sai shekarar da soja suka koma bariki, farar hula suka karɓa. Ina ajin farko-farko na sakandare. Ku da kuka tashi kuka ga zaɓe kamar ruwan famfo ba za ku gane yadda gari ya kasance ba. Kowane bango fosta, har na zaurenmu, fuska a kan fuska, wani an manna shi a goshin wani. Zauren Baba kuwa ya cika da riguna har babu wurin taka ƙafa, don duk wanda ya ci ko kansila ne sai ya ɗinka ta ranar rantsuwa. Baba yana cewa kaki ya tafi, aska ta dawo. Rediyo ba ya mutuwa a gidan. Umma tana cewa Allah Ya sa waɗannan su fi waɗancan, Iya tana cewa ta ga irin wannan sauyin tun kafin a haifi Umma, a dai jira a ga damina.

Ita Iya damina ce siyasarta, kuma 'yan takararta shamuwa. Duk shekara in zafi ya kai inda zai kai, aka fara ganin hadari yana leƙowa ta gabas yana komawa, sai wata safiya ka ji motsi a saman tsamiya, ka ɗaga kai ka ga baƙaƙen tsuntsaye masu farin ciki sun sauka kan tsohuwar sheƙarsu. Iya ce take fara gani kullum. Alhazai take ce musu, wai in sun bar nan Makka suke zuwa. Baba ya ce Iya kudu suke yi, ta ce kai ka raka su? Ranar da suka sauka sai ta cika wani tsohon kasko da ruwa ta ajiye a gindin bishiya, ta yi musu sannu da hanya da baki, kamar mutane. Kashinsu ya ɓata shanya, ƙirare su yi ta zubowa cikin turmi, ba mai cewa uffan. Yaron da ya shigo gidanmu da danƙo a aljihu lokacin nan, a zaure yake ajiye shi.

A makaranta aka ce sabon shugaban ƙaramar hukuma zai zo ziyara, kowane aji ya yi abin nunawa. Malamarmu ta zane, Malama Binta, ta kira ni ofis ta ba ni wani babban farin kwali, da fenti a 'yan ƙananan kwalabe, da burushi. Ban taɓa riƙe fenti ba sai ranar. Ta ce in zana abin da duk wanda ya gani zai ce Kano ce wannan. Ta fara lissafo min Dutsen Dala, ganuwa, rijiyoyin rini. Na ce ni shamuwa zan yi a kan tsamiya.

“Shamuwa kuma? Ai ba 'yar gari ba ce. Baƙuwa ce, ta ci fara ta ƙara gaba.”

Na dai ce ita nake so. Da na dawo na gaya wa Iya, tana tsince shinkafa a faifai, ko ɗago kai ba ta yi ba.

“Ki tambayi malamar taku, wa ye ba baƙo ba a Kano? Kakan ubanki daga Barno ya zo da allo a kafaɗa. Ranar da ya sauka a gidan nan, su ya tarar a kan bishiya. Su ya kamata su tambaye mu takardar zama.”

Na hau aiki. Kullum na dawo makaranta sai in hau soron ɗakin Iya, inda sheƙar take kusa, in zauna ina kallo. A nan na san abin da ba a gani daga ƙasa. Ashe fuskar shamuwa ba baƙa ba ce. Shuɗi ne a kumatunta, wani irin shuɗi kamar na yadin da aka tsoma a baban rini sau ɗaya aka fitar, da ɗan ja a gefen ido. Baƙin bayanta ma in rana ta buga sai ya yi kore-kore. Gwiwoyinta ja, kamar ta durƙusa a lalle. Na yi ta haɗa fenti a murfin gwangwani ina zubarwa har na samu shuɗin nan. Na zana ta a tsaye a bakin sheƙa, wuya a miƙe, ta ɗan karkato kai yadda suke yi in sun ji motsi a ƙasa. Ido na bari ƙarshe. Da na ɗiga masa ɗan farin nan na haske, wallahi sai da na ja da baya.

Ranar da na gama, bayan la'asar ne, na sauko da kwalin na jingina shi da turmi. Umma ta fito daga madafi ta tsaya, ta ce ikon Allah. Iya ta matso da fuska dab da shi, don idonta ya fara rauni, ta ce sannu da zuwa. Aka aika a kira Baba. Ya shigo da alƙalami a bayan kunne da 'yar kwalbar tawada a hannu, yana murmushi, ya san me aka kira shi ya yi. Da ya ga kwalin sai murmushin ya tafi. Ya daɗe a tsaye. Sannan ya tsuguna, ya zaro alƙalamin ya tsoma.

“Riƙe min nan, Ummi.”

Kafin in riƙe, Iya ta kama hannunsa. Tsohuwa ce, amma na ga yadda yatsunta suka shige.

“Me za ka yi, Malam?”

“Abin da aka saba, Iya.”

“An saba da kaji. Wannan kaza ce?”

“Iya, kwali ne fa. Kwali da fenti.”

“To in kwali ne, me ya kai ka yanka kwali? Bar shi mana.”

Umma ta juya baya, na ga kafaɗarta tana rawa.

“In kuma shamuwa ce,” Iya ta ci gaba, “to a gidan nan ba a yanka shamuwa. Ubanka bai yi ba, ubansa bai yi ba. Ba kuma za a fara a gabansu ba, ga su can suna kallonka.”

“Iya, maganar addini ce, ba ra'ayina ba ne.”

“Addini? Bangon zaurenka fuskar ƙarti ta rufe shi, masu hula da marasa hula. Wa ka yanka a cikinsu?”

“Wancan na'ura ce ta kama inuwarsu. Wannan hannu ne ya ƙaga. Malamai sun bambanta.”

“Yo ai gara ka yanka waɗancan, ko ma huta da alkawari.”

Umma ta kasa riƙewa ta shige madafi. Ni kam ban yi dariya ba, don na ga fuskar Baba. Bai taɓa ɗaga wa Iya murya ba, ranar ma bai ɗaga ba. Ya zare hannunsa a hankali, ya goge bakin alƙalamin a gefen kwalba ya miƙe.

“Ba zan yi jayayya da ke ba, Iya. Amma ba za ta fita gidan nan da kai a jikinta ba. Ummi, kwaso fentin da burushin da alƙalaminki ki kai min zaure. In ba za a yanka ba, ba za a ƙara zanawa ba.”

Iya ta juyo kaina.

“Ke kuma Takwara, ranar da kika bari aka ja layi a wuyan baƙuwata, ki naɗe tabarmarki ki bar min ɗaki.”

Kun ga inda aka saka ni. In an ja layi, na rasa Iya. In ba a ja ba, na rasa zane. Kwalin aka juya shi yana kallon bango a ɗakin Umma, kamar yaron da ya yi laifi. Gidan bai canja ba a ido. Baba yana shigowa gaida Iya da safe ya durƙusa, ta amsa lafiya lau, ta tambayi aiki, ya ce alhamdulillahi, ba mai taɓo maganar. Umma ta ja ni gefe ta ce ke ma da taurin kai, ki roƙi malamarku wani kwalin ki zana Dala kamar kowa ki huta, dutse ba shi da wuya. Na ce mata ba kwalin ne damuwata ba. Ko na zana Dala yau, gobe fa? Hannuna zai koma kan tsuntsu, kuma yanzu Baba ko kaza ya ce a'a.

Na yi fushi da Baba, ba zan ɓoye muku ba. Na daina zama a ƙofar zaure. Wata safiya ba makaranta, Umma ta aike ni in kai masa koko. Na ajiye zan juya ya ce zauna. Yana zana wuyan wata riga, bai dube ni ba yake magana.

“Da can da kike min dankali mai ƙafa, ina jan layi ina dariya. Wannan da na tsuguna, ta kalle ni, Ummi. Na ji a jikina.”

Ya tsoma alƙalami ya ci gaba.

“An ce ranar tsayuwa za a ce wa mai zane ya hura wa abin da ya zana rai. Ni na koya miki riƙe alƙalami. In aka tsayar da ke aka ce hura, ina zan sa kaina?”

Sai a lokacin na gane ba iko yake nuna min ba. Tsoro yake ji, kuma ba don kansa ba. Fushin ya sauka, amma sai abin ya fi nauyi, don da mai fushi ana iya rigima, da mai tsoro saboda kai kuwa ba ka san ta inda za ka fara ba.

Na koma wajen Iya, na ce ko za ta haƙura, layi ne siriri, daga nesa ma ba a gani. Tana kaɗi a bakin ƙofa, mazari yana juyawa. Sai ta ba ni labarin da ban taɓa ji ba. Kafin ta haifi Baba, ta haifi wani ɗa. Wata shekara wani yaron maƙwabta ya harbo shamuwa daga kan katanga, ta faɗo tsakar gida tana fuffuka, aka rasa yadda za a yi, wani ya ce a yanka ta a huta da wahalarta, aka yanka a gindin tsamiya. Sauran suka tashi suka bar ƙwai. Shekarar ruwa bai yi ba, hatsi ya yi wuya, ciwo ya shigo unguwa, yaron nata ya tafi.

“Ban ce su suka yi ba,” in ji ta. “Allah ne Mai yi. Ubanki zai ce miki camfi ne, ƙila ma gaskiyarsa. Ni dai na ga wuƙa a wuyan nan sau ɗaya, kuma idona ba zai sake gani ba, ko ta tawada ce.”

To daga nan na daina roƙon kowa. Ba alƙalami, ba takarda, sai na koma abin da ya rage min, kallo. Da rana in kowa ya kwanta sai in shimfiɗa tabarma a inda kashi ba ya kaiwa, in kwanta rigingine in zuba wa sheƙar ido. Da ina kallo ne don in ɗauko fuska, in ta sunkuya ma haushi nake ji, ina jira ta ɗago. Yanzu da ba abin da nake jira, sai na lura ashe ɗagowar ce kaɗan. Yawancin yini kanta ba ya waje. Ko ta tura shi ƙarƙashin fiffike tana gyaran gashi, ko ta lanƙwasa dogon wuyan nan ta cusa shi can cikin sheƙa, jiki yana motsi kaɗan-kaɗan. Na hau soro na leƙa. Ƙwai take juyawa da baki, ɗaya bayan ɗaya, a hankali, kamar mai gasa masara. Daga ƙasa kuwa abin da za ka gani baya ne, da farin ciki, da jajayen gwiwoyi, da wuya da ya gangara ya ɓace cikin ƙirare.

Na sauko da gudu har na kusa zamewa a tsani. Iya na fara samu.

“Iya, in na lanƙwasa wuyanta ta sa kai cikin sheƙa, yanka ne?”

“Me take yi a ciki?”

“Tana juya ƙwai.”

“To aiki take. Wa ya ce miki mai aiki yankakke ne? Ni ma in na sunkuya a tukunya ba kya ganin kaina.”

Na wuce zaure. Akwai baƙi, na jira suka fita.

“Baba, in kan ba ya cikin zanen tun asali fa? Ba a raba shi ba, ba a dai zana shi ba.”

Ya ajiye alƙalami ya dube ni sosai.

“Wanda kika riga kika zana fa?”

Wannan ne ban shirya masa ba. A raina na so in juya kwalin in yi sabo a bayansa, tsohon ya zauna a ɓoye, nawa ni kaɗai. Baba ya san haka, shi ya sa ya tambaya. Na ce zan rufe shi da fenti. Ya miƙa hannu bayan buhun riguna ya ɗauko min kwalaben fentin.

Ba zan ce muku abin ya zo da sauƙi ba. Na juyo da kwalin na zauna a gabansa da burushi, idon nan yana kallona, shuɗin nan da na sha wahala kafin in same shi. Na san ko na sake shekara ina haɗawa ba lallai ya fito haka ba. Iya ta zo ta zauna kusa da ni da mazarinta. Na fara da ganyen tsamiya, na sauko da reshe ya bi ta inda kan yake. Idon na bari ƙarshe, kamar yadda na yi da zan zana shi. Da na ɗora masa kore sai da na goge hawaye da gefen mayafi, Iya ta yi kamar zarenta ne ya tsinke tana neman bakinsa. Daga nan na ɗaga bakin sheƙar, na jawo sabon wuya daga kafaɗa, na lanƙwasa shi ya gangara ciki.

Da ya bushe aka sake jingina shi da turmi, aka sake kiran Baba. Ya zo da alƙalami da tawada kamar wancan karon. Ya tsuguna, ya bi wuyan da ido daga kafaɗa har inda ya shige ƙirare, ya dawo, ya sake bi. Bai tsoma ba. Ya ce zai kai wa malaminsu, wani dattijo da suke ɗaukar karatu a wurinsa a bayan layinmu. Ya naɗe kwalin a cikin wata tsohuwar riga don kada a gani a hanya, ya fita. Umma ta ci gaba da tankaɗe, Iya ta ci gaba da kaɗi, ni na rasa inda zan zauna. Ana dab da kiran magariba ya dawo. Ya kwance rigar ya jingina kwalin, ya zauna a kan turmin da kansa, abin da ban taɓa gani ya yi ba.

“To, Malam, me alƙalin ya yanke?” in ji Iya.

“Ya ce babu laifi, tunda ba a siffanta kan ba.”

“Shi ke nan?”

Baba ya shafa gemu.

“Ya daɗe yana kallo. Sai ya tambaye ni wai ƙwai nawa ne a ciki.”

Iya ta yi dariya har da tafa cinya. Baba bai yi ba. Ya kira ni na matso na durƙusa a gabansa.

“Kin ji abin da ya tambaya? Mutumin da bai taɓa ɗaga ido ya kalli hoto ba. Wannan ta fi waccan rai, Ummi. Na sani, ke ma kin sani. Amma na duba ban ga inda zan sa alƙalami ba, kuma ba zan haramta abin da malamina ya halatta ba.”

Ya zaro nasa alƙalamin daga bayan kunne, ba tsohon da ya karɓe ba, ya riƙe shi tsakanina da shi bai sakar min ba tukuna.

“Abu ɗaya nake roƙo. Ki zana fiffike, ki zana ƙafa, ki zana duk abin da suke yi. Ido dai ki bar wa Mai shi. Hankalina zai kwanta.”

Ba umarni ya ba ni ba, roƙo ya yi, kuma da na ce a'a ban jin zai sake karɓe fentin. Na dubi Iya ko za ta sa baki, ta kau da kai, wato wannan tsakanina da shi ne. Na ce na yi alkawari. Ya sakar min alƙalamin.

Kwalin ya je makaranta. Shugaban da aka yi domin shi ko ajinmu bai shigo ba, a bakin ƙofa ya yi jawabi ya shiga mota. Malama Binta ta juya zanen sama da ƙasa ta ce ina kanta, na ce tana aiki da shi. A bangon ofis ta rataye shi har fentin ya koɗe.

Alkawarin nan ya ci min abubuwa, ba zan yi muku ƙarya ba. An kawo min aikin zanen fuskokin manya na mayar. An ce in yi wa littafin yara hotuna, da suka ga kowane tsuntsu ya juya baya ko ya sa kai a ruwa suka ce sun gode. Bayan Baba ya rasu, mutane da yawa, har da masu ilimi, sun ce min ai akwai malaman da suka sassauta, yanzu kam ba mai hana ni. Na san da haka. Wani lokaci in na ga belbela ta karkato kai a bakin kududdufi, yatsuna har ƙaiƙayi suke. Amma ba fatawa na bi ba ranar nan, mutum na yi wa magana yana zaune a kan turmi, kuma ba ya nan balle in je in ce ya sake ni. Ku ban ɗora wa kowa a cikinku ba. Nana, na ga abin da kike yi a bayan littafin lissafinki, kuma mujiyar nan idonta ya yi kyau. Ki tambayi malamanki, ki tambayi zuciyarki, ki yi abin da za ki iya tsayawa a kai. Nawa bakin ni na riga na bayar.